Yadda ake kai iyali hamadar Wadi Rum a Jodan, a kwana a dawo lafiya

Na daɗe ina zaune a Amman, babban birnin Jodan, kuma kusan duk baƙon da ya zo mana daga gida sai na kai shi Wadi Rum, wani lokacin da maman yara da yaranmu uku, wani lokacin har da Hajiyarmu in ta zo ganin jikoki. Wurin yana can kudancin Jodan dab da iyakar Saudiyya, keɓaɓɓen daji ne na hamada mai faɗin kimanin hekta dubu 74, jan rairayi da manyan duwatsu a tsaitsaye, kuma a 2011 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da na lura da shi a duk zuwan nan shi ne, tafiyar da aka yi da iyali ba a auna ta da ƙarfin maigida, da ƙaramin yaro da tsohuwar da ke cikin motar ake auna ta. In ka riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi.

Kayan da za a tanada

Ruwa ne farko. In da zafi-zafi ka lissafa wa kowane babba lita 4 zuwa 5 a wuni, yara kuma kamar rabin haka zuwa sama, sannan ka ƙara katon ɗaya a kai ko da an ce maka akwai ruwa a masauki. Akwai ɗin kuwa, amma shi ma da tanka ake kai musu, kuma ba ka son ka tsaya jiran wani a lokacin da yaro ke kukan ƙishi. Kowane yaro a ba shi tasa gorar ya rataya, sun fi sha in gorar tasu ce. Ka sa ORS a jaka, in babu to sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, shi ke nan.

Sai kayan sanyi, kuma a nan mutanenmu suka fi yin kuskure, dan muna jin an ce hamada sai mu ɗauka zafi ne kawai. Ƙauyen Rum kansa yana kan tudu ne, kusan mita dubu sama da teku, rana na faɗuwa sanyi ke saukowa kamar an buɗe firij. Kowa ya samu suwaita da jaket, hular sanyi, safa kafa biyu, yara har da safar hannu in lokacin hunturu ne. Takalmi rufaffe, kambas ko makamancinsa, silifas a bar shi dan shiga banɗaki da alwala. Rawani ko hirami ga maza, mayafi mai kauri ga mata, yana tare rana yana tare ƙura. Tabarau, man kaɗanya ko basilin saboda leɓe da ƙafa suna tsagewa cikin wuni ɗaya, tocila, fawa bank cike da caji, buta, darduma, tishu, da ledoji dan kwaso shara da famfas.

Magunguna: farasitamol na manya da na yara, filasta, maganin amai ga wanda mota ke juya wa ciki, kuma duk mai hawan jini ko suga ko asma ya riƙe maganinsa a jikinsa, ba cikin akwatin da za a bari a but ba. Abin taɓawa kuma dabino, gyaɗa, biskit, cincin, madarar yara da filas ɗin ruwan zafi. Ki zo da yajinki Hajiya, abincinsu akwai daɗi amma ba ya jin barkono, Hajiyarmu ba ta zuwa sai da 'yar robar yajin daddawa a jaka.

Kuɗi a riƙe tsaba, dinari. Yawancin masu masauki da direbobi hannu da hannu suke karɓa, kar ka dogara da kati ko ka ce zaka cira a can, ka ciro tun daga Amman ko Aƙaba, garin bakin teku da ke kudu. Dinari ɗaya ya ɗan haura dala ɗaya da centi 40, dan haka kar ƙananan lambobi su ruɗe ka. Fasfo na kowa ya kasance a hannu saboda akwai shingayen jami'an tsaro a hanyar kudu. Masu tasowa daga gida da fasfon Najeriya ko Nijar kuma su nemi biza tun kafin su hau jirgi, ba a filin jirgi ake ba mu ba.

1. Zaɓen lokaci

Maris zuwa farkon Mayu, da kuma ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokutan iyali. Yuni zuwa Agusta rana tana iya kusan digiri 40, babba zai jure, jariri da tsoho ba za su jure ba, ni dai ban kai yara a wannan lokacin. Disamba zuwa Fabrairu wuni akwai daɗi amma dare yana sauka kusa da sifiri, ana iya zuwa amma sai da shiri sosai. Daga Maris zuwa Mayu kuma akwai wata iska mai zafi da ƙura da suke kira khamsin, in ta taso ko dutsen gabanka ba ka gani da kyau, saboda haka ka duba hasashen yanayi kwana biyu kafin tafiya, in an ce ƙura ko ruwa ka ɗaga.

Wani abu da ba kowa ke kula da shi ba shi ne kwanan wata na Musulunci. In taurari kake so yara su gani, ka je ƙarshen wata ko farkonsa lokacin da dare ke da duhu. In ka je 13, 14, 15 farin wata zai haske rairayin har ka ga inuwarka, shi ma abin kallo ne, amma taurarin za su dusashe. Sannan hutun mako a Jodan Juma'a da Asabar ne, daren Alhamis da na Juma'a wurin yana cika, wasu masaukan har kiɗa suke sakawa zuwa tsakar dare, in da hali ka zaɓi tsakiyar mako.

2. Masauki da ɗan jagora

Wannan matakin shi ne rabin tafiyar, dan haka zan ɗan daɗe a kansa. Mutanen wurin Larabawan ƙauye ne da ake kira Badu, ƙabilar Zalabiya a ƙauyen Rum, Zawaida kuma a Disi, su ne masu tantuna su ne direbobi su ne 'yan jagora. Galibi wanda ka kama masauki a wurinsa shi zai zagaya da kai a mota, to ka ga in ka dace da mutum ka dace da komai.

Tambayar farko da zaka yi masa, masaukin a cikin keɓaɓɓen dajin yake ko a waje? Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa a intanet da sunan Wadi Rum suna ɓangaren Disi ne kusa da kwalta. Ba laifi ba ne, ga mai jariri ko mara lafiya ma sun fi, akwai lantarki sosai akwai sabis ɗin waya kuma motarka tana kaiwa har ƙofa. Amma in shirun daji kake nema to na ciki ne naka, sai dai ka san wutarsu ta sola ce ko janareta da ake kashewa da dare, kuma sabis yakan ɗauke.

Abu na biyu, ka yi hattara da farashin da ya yi araha fiye da hankali. Akwai shekarar da wani abokina ya kama tanti a intanet kusan kyauta yana murna, da muka isa sai aka ce kuɗin ɗauko mu daga ƙauye daban, abincin dare daban, zagayawa a mota dole ne kuma farashinta ninki, ga yara sun gaji ga magariba ta yi, ba yadda muka iya haka muka biya. Tun daga ranar na koyi in sa a rubuto min komai a WhatsApp kafin in taso: kuɗin kwana na mutum nawa, yara nawa ake cajinsu, abincin dare da karin kumallo suna ciki ko a'a, ɗaukowa da mayarwa, zagayen awa nawa ne, motar tamu ce mu kaɗai ko za a haɗa mu da wasu. Da iyali ka nemi mota taku ku kaɗai ko da ta ɗan fi tsada, saboda yaro zai ce fitsari, Hajiya za ta ce a tsaya ta yi sallah, ba ka son kana kallon fuskar baƙi kana ba su haƙuri.

Ka tambayi banɗaki ma, a cikin tanti yake ko na haɗaka ne a waje. Fita da yaro ɗan shekara 4 ƙarfe uku na dare cikin jaura ba ƙaramin aiki ba ne, in kuɗinka ya kai ka ɗauki mai banɗaki a ciki, in bai kai ba ka roƙa a ba ku tantin da ya fi kusa, kuma ka zo da fo na yara. In kuna da mata masu kulle ko masu niƙabi ka faɗa tun farko, mutanen Musulmi ne sun san wannan sarai, za su ware muku gefe a tantin cin abinci ba tare da wani dogon bayani ba. Da ɗan Larabcin islamiyya ma zaka yi magana da su, kuma suna jin daɗi ƙwarai in ka yi sallama ka kira mutum da Abu wane, wato da sunan babban ɗansa, yadda suke girmama juna.

3. Hanya

Daga Amman kusan kilomita 320 ne, awa huɗu in ba a tsaya ba, ta babbar hanyar hamada mai lamba 15. Da yara ka lissafa biyar. Ni bayan sallar asuba nake tashi, yara su ci gaba da barcinsu a mota. Hanyar tana da tireloli da yawa masu zuwa tashar jiragen ruwa ta Aƙaba, kuma akwai tudun rage gudu a bakin garuruwa da ba kullum ake ganinsu daga nesa ba, dan haka ban ba ka shawarar tuƙin dare ba. Bayan ka gangaro daga Ras an-Naƙab ka wuce Ƙuwaira, ka cika tanki a nan ka sayi abin da ka manta, gaba kaɗan a Rashidiyya zaka ga kwanar da ta yi gabas zuwa Rum. Daga Aƙaba kuwa awa ɗaya ce, daga tsohon birnin Petra ƙasa da awa biyu.

In ba ka da mota, ka hau bas ɗin kamfanin JETT zuwa Aƙaba, daga nan ka yi shatar tasi, ko ka ce mai masaukin ya turo maka direban da ya sani. Ƙananan bas na haya zuwa ƙauyen akwai amma ba su da tsayayyen lokaci, ba na mai yara da kaya ba ne.

In kuna da kwana guda na ƙari ku bi ta Karak, a garin Mazar kusa da Mu'uta akwai kaburburan Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, Allah ya ƙara musu yarda, waɗanda suka yi shahada a yaƙin Mu'uta shekara ta 8 bayan hijira. Amma kar a haɗa ziyarar da shiga hamada a wuni ɗaya, gajiyar ta yi wa yara yawa.

4. Shiga

Kafin ƙauyen da 'yan kilomitoci akwai ofishin karɓar baƙi, nan ake yankan tikiti, babba baƙo yana biya, yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a karɓar musu. A bakin wurin za ka iya haɗuwa da masu cewa su ne aka turo su ɗauke ka, kar ka bi kowa sai ka kira lambar wanda kuka yi magana da shi ya tabbatar. Kowa ya shiga banɗaki a nan, a cika buta.

Kwalta tana ƙarewa ne a ƙauyen Rum. Nan zaka ajiye motarka ku koma a-kori-kura ta ɗan jagora, irin wadda aka sa wa benci biyu a baya da rumfa. Ko da motarka mai jan ƙafa huɗu ce ina roƙonka kar ka shiga da iyali kai kaɗai, sawun tayoyi ya cika ko'ina kuma duk duwatsun kama suke maka da juna, in ka kafe a rairayi inda ba sabis to sai wanda Allah ya kawo. Kafin sabis ya ɗauke ka tura wa wani ɗan'uwa sunan masaukin da lambar mai shi da ranar fitowarku. Lambar gaggawa a Jodan 911 ce.

Zaman mota: tsofaffi da mai ciki da mai goyo su shiga gaba wurin direba. Bayan ba bel, yara su zauna can ciki kusa da kan motar, babba ya zauna ta bakin ƙofa, ba mai miƙewa tsaye in ana tafiya. Ka ce wa direba shwayya shwayya tun kafin ya tayar, wato a hankali, dan samarinsu suna son su burge baƙi da hawa tudun rairayi da gudu. Mai tsohon ciki ko mai ciwon baya gara ta zauna a masauki gaba ɗaya.

5. Zagaye

Za a nuna maka tsarin awa 2, awa 4, ko wuni guda. Da ƙananan yara awa 3 zuwa 4 sun isa, a fara in la'asar ta kusa ko da sassafe, tsakar rana kuma a kwanta a inuwa yadda masu wurin suke yi. Kar ka ce sai kun ga komai, wuri huɗu da aka tsaya aka more sun fi goma da aka bi a guje ana jan yaro yana kuka.

Wanda ban taɓa tsallakewa ba shi ne Khazali. Tsaga ce a jikin dutse, matsattsiya, da inuwa da sanyi, kuma a bangonta hagu da dama akwai zane da rubutun mutanen da, hoton mutane da dabbobi da tafin ƙafa, rubutun Samudawa da na Nabatawa da tsohon rubutun Larabci irin na Kufa. A duk faɗin dajin an ƙirga zane kusan dubu 25 da rubutu kusan dubu 20. Ranar da na fara kai Hajiyarmu ta tsaya gaban wani layi tana bin harafin da ido ba ɗigo ba wasali, can sai ta gane sunan Allah a ciki, ta juyo ta kira babbar jikarta ta ce zo ki ga, wani bawan Allah ya tsaya nan inda muke ya rubuta wannan, mun fi minti ashirin a wurin ba wanda ya ce a tafi. Ka hana yara taɓa rubutun ko goga shi da dutse, kuma dan Allah kar wani ya rubuta sunansa, laifi ne a doka kuma ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Mita kaɗan na farko kowa zai iya shiga, daga inda aka fara hawa dutse mai santsi ku juyo.

Kusa da ƙauyen akwai kufan wurin bautar Nabatawa, kuma a rubuce-rubucen yankin an samu tsohon sunan wurin, Iram, shi ya sa wasu ke danganta shi da Irama zatil imad ta cikin Suratul Fajri, duk da malaman tafsiri sun yi saɓani a kan inda take. Ɗan jagora zai ba ku labarin, yaran da suka haddace surar suna jin daɗinsa.

Jan tudun rairayi shi ne wurin yara, su hau su gangaro har su gaji. Amma ka fara taɓa rairayin da bayan hannunka. Ɗana na tsakiya ya taɓa cire takalmi wajen ƙarfe sha ɗaya ya ruga sama, bai kai rabi ba ya tsaya yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya yana kiran Abba, da na ɗauko shi tafin ƙafar ya yi ja sai da muka yi ta zuba ruwa. Da safe ko dab da magariba ne ake hawa ba takalmi.

Sai gadojin dutse. Ƙaramar gadar yaro ɗan shekara 6 ko 7 zai hau in kana riƙe da hannunsa. Ta Umm Furut ta kai kamar mita 15 daga ƙasa, ba abin dafawa, kuma saukowa ta fi hawa wuya, ni ban barin yarana ƙanana su hau, a ƙasa muke ɗaukar hoto. Ta Burda kuwa da dutsen Umm ad-Dami, wanda shi ne mafi tsawo a Jodan da mita 1,854, aikin awanni ne na manya masu ƙarfi, a bar su sai zuwan da ba yara. In kuna son ɗan tattaki mai sauƙi ku ce a sauke ku a bakin kwazazzabon Abu Khashaba mota ta jira ku a ɗaya bakin, akwai inuwa da 'yan itatuwa. Sharaɗi ɗaya, in ka ga hadari ko da daga nesa ne kar ku shiga kowane kwazazzabo, dutse ba ya shan ruwa, ruwan da aka yi a wani wuri yana iya ɓullowa ta tsagar da kuke ciki alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba.

Raƙumi kuma rabin awa ya isa. Ka gaya wa kowa tun kafin ya hau cewa da ƙafar baya yake fara tashi, dan haka a riƙe sirdi a kwanta baya, haka ma in zai durƙusa. Ƙaramin yaro ya hau tare da babba, wanda ya ji tsoro a ƙyale shi.

6. Lura da jikin yara

Iskar wurin busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, shi ya sa mutum zai yi ta rasa ruwa bai sani ba. Kar ka jira yaro ya ce ƙishi, duk tsayawar mota kowa ya kurɓa. Alamar da nake bi ita ce fitsari, in yaro ya wuni bai nema ba ko ya fito ja sosai to ruwa ya yi ƙasa. Yaron da ke ta surutu ya yi shiru, ko ya ce kansa na ciwo, ko ya fara jin amai, a kai shi inuwa nan take a sassauta masa kaya a jiƙa masa kai da wuya a ba shi ORS kaɗan-kaɗan. In ya fara ruɗewa ko jikinsa ya yi zafi rau ko ya kasa sha, ba sauran zagaye, a juya zuwa asibiti, manyan asibitoci suna Aƙaba. Haɓo ma yana yawan zuwa wa yara saboda bushewa, a shafa ɗan basilin a bakin hanci da safe.

Akwai kunama da maciji kamar kowane daji, duk zuwana sau ɗaya na ga kunama, amma dokar gidanmu ita ce ba a ɗaga dutse, ba a sa hannu a rami ko gindin ciyawa, takalmi kuma a kakkaɓe shi kafin a sa da safe.

7. Sallah da dare

Mu mun saba alƙibla gabas take, to a nan ba haka ba ne, Makka tana kudu ne ta ɗan karkata gabas, ka tambayi ɗan jagora ya nuna maka kar ka bi sabo. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, in ruwa ya yi ƙaranci a tsakiyar daji ga taimama, ruwan sha na yara kar a taɓa shi.

Ku isa masauki kafin duhu, a shimfiɗa gado a fito da kayan sanyi a sa wa yara tun jikinsu da ɗumi, kar a bari sai sun fara rawar ɗari. Ka nemi ƙarin bargo tun da wuri. In an kawo hita ta gas ko garwashi, ko da wasa kar a kwana da ita a rufaffen tanti, hayaƙinta ba ya wari kuma yana kisa, a ɗumama ɗaki a fitar da ita.

Abincin dare galibi zarb ne. Rami ne da aka binne ganga a ciki, a zuba garwashi, a jera kaza ko naman rago da dankali da albasa da karas a kan wani ƙarfe mai hawa-hawa, shinkafa a ƙasa tana karɓar romo, a rufe a binne da rairayi na awanni. Ka kai yara su ga tonowa, za a kira kowa a tsaya zagaye da tocila, mutum biyu su share rairayin da shebur su yaye bargon da aka rufa, suna ɗaga murfin tururi ya turnuƙe da ƙamshi. Sai dai ba a cika fito da shi da wuri ba, dan haka ki ba ƙananan wani abu tun magariba kar su yi barci da yunwa. Shayinsu baƙi ne da ganyen maramiyya da sukari mai yawa, mai ciwon suga ya ce bidun sukkar, wato ba sukari, kuma in an miƙo maka ka karɓa da dama ko kurɓa ɗaya ce ka yi.

Bayan an ci, ku ɗan taka bayan tantuna inda ba fitila, ba nisa ba, inda kuna hango masauki, a kashe tocila da waya a zauna kamar minti goma ido ya saba. Zaka nuna musu kaza da 'ya'yanta in lokacinta ne, irin yadda aka nuna mana a tsakar gida muna yara. Ka ƙirga yaranka kafin ku fita ka ƙirga in kun dawo, kowane ɗaya da babban da ke riƙe da shi.

8. Fitowa

Ku tashi da asuba ko dan ganin yadda rana ke fara taɓa kan duwatsu ƙasa tana cikin inuwa, lokacin ne ma za ku ga sawun abin da ya yi yawo da dare a kan rairayi, na ƙwaro da na ɓera da na yanyawa, yara suna son bin su. A karya, a tattara shara duka har da tishu da famfas a fito da su, a hamada abin da aka binne ba ya ruɓewa da wuri, iska ce ke tono shi. Ba a ɗebo dutse mai zane ba a karya itace.

Ka biya abin da kuka rubuta, in direba ya kyauta wa iyalinka ka ƙara masa wani abu a hannunsa, ka karɓi lambarsa dan wani zuwan ko dan wani ɗan'uwa. In kun dawo ƙauye ka duba tayoyi da ruwan mota kafin ka hau hanya, a kakkaɓe takalma a wajen mota. Mu daga nan Aƙaba muke wucewa, awa ɗaya, yara su yi wanka sosai a ci kifi a kwana, washegari da safe mu kamo hanyar Amman.